Ɗan Farin Zinariya

Duk wanda ya saba bi ta layin masu riɗi a kasuwar Gadarif ya san Zinariya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a bakin rumfar ƙarshe da faifai a cinya, tana sheƙa tana tsince tsakuwa, gefen tob ɗinta, dogon mayafin nan na matan garin, kullum fari fat da ƙura. Sana'arta ke nan tun tana amarya. Ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki Larabcinta na kasuwa ne, mai kaifi, shi ya sa dillalai sukan tauna magana kafin su jefa mata.

Kakanninta Hausawa ne, daga yamma suka taso a ƙafa da niyyar Makka, suka ce bari su tsaya nan su yi noman damina ɗaya su ƙara guzuri. Daminar nan ɗaya ce har yau ba ta ƙare ba. A wani ƙauye kusa da Fau aka haife ta, aka kawo ta Gadarif gidan Maliki, mutum mai sanyin hali da ke ɗinkin buhuna a kasuwa, in kaka ta yi kuma ya tafi yankan dawa a manyan gonakin Gadambaliya. Can ta bi shi da tsohon ciki tana dafa wa 'yan aiki, don a lissafin matan gida da sauran lokaci. Lissafin bai yi daidai ba. Naƙuda ta kama ta a bukkar gona, ba ungozoma, ba mota, ta daɗe a kan gwiwa, kuma da yaron ya faɗo sai da aka yi ta jijjiga shi ana yayyafa masa ruwa kafin ya yi kuka. Ranar suna aka raɗa masa Munir.

Zinariya ta yi masa kara irin ta ɗan fari, cikakkiya, irin wadda ko a can ƙasar kakanninta yanzu sai an tona kafin a samu. Mutanenmu na nan haka suke, abin da aka taho da shi a ka an riƙe shi gam, waɗanda aka baro a gida ma sun saki amma mu muna nan da abinmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai wata ta amsa. Da aka yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Bayan 'yan shekaru ta dawo da shi da ƙunshin kayansa, domin zuwa lokacin kowa ya gani. Tsaransa suna gudu shi yana rarrafe, suna wanke allo shi da ƙyar yake haɗa kalma biyu. An kai shi wurin masu tofi, an kai shi asibiti, kowa ya faɗi nasa. Zinariya ta karɓi abinta ta ci gaba da raino, karar kuma ba ta sassauta ta ba ko kaɗan. Da aka haifi ƙanwarsa Iman sai ta sami abin kiransa, ya zama Yayansu.

Munir ya girma ya zama ƙato, mai faɗin kafaɗa da yawan fara'a. Bai iya ƙirga ba, bai san dama da hagu ba, amma hanyar gida zuwa kasuwa ya san ta sarai, kuma ba ya wuce mai rai bai gaishe shi ba, daga mahauci har jakin mai ruwa. Da Maliki ya rasu sai ƙanin marigayin, Sharu, mai gasa naman agashe a bakin kasuwa, ya jawo yaron jikinsa. Munir ke ɗauko gawayi, shi ke dakan ƙuli-ƙuli da yaji, shi ke fifita wuta. Aikin da ya kama ba ya saki sai an ce masa ya isa. Wata rana Sharu ya manta bai ce ba, ya dawo ya tarar an dake masa duk ƙuli-ƙulin da ke shagon har da na maƙwabci. Abu ɗaya ne ke kayar da Munir. In tsoro ya kama shi magana takan ɗauke, sai dariya ta ƙwace masa, kuma ba ya iya tsayar da ita.

Ya haura shekara talatin ranar da abin ya faru. An fito kasha, wato kamen da akan yi jefi-jefi a share kasuwa daga mabarata da mahaukata da masu kwana a rumfuna. Munir ya taho da buhun gawayi a ka, rigar aikinsa baƙa ƙirin. Aka tsayar da shi aka tambayi sunansa, ya yi dariya. Aka tambayi gidansu, dariyar ta ƙaru. Aka sauke masa buhun aka hau da shi bayan mota.

Sharu da Iman suka bi ofis-ofis, Zinariya ta bi lungu-lungu a ƙafa har tafinta ya tsage. Sai bayan kwanaki aka same shi a wani gida mai doguwar katanga a bayan gari, an aske masa kai, ga sawun igiya a wuyan hannunsa. Waɗanda ke wurin suka ce ba da mugunta aka yi ba, mutum ne aka kawo ba ya magana sai dariya, ta yaya za su sani? Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar nan ce ta fi ba Zinariya tsoro, don ta nuna mata gobe ma haka za a yi.

Daga ranar ta sa wa ƙofar gida sakata. Ta daina zama a kasuwa, ta riƙa sa ana kawo mata riɗin gida tana gyarawa a tsakar gida, idonta ɗaya a kan faifai ɗaya a kansa. Munir ya koma zama a bayan ƙofa yana leƙen ƙafafun mutane ta ƙasan kwano, yana gaishe su a hankali ba mai amsawa. Daga baya gaisuwar ma ya bari. Ya rame, ya koma fitsarin kwance da ya bari tun yana yaro. Sharu ya zo ya yi magiya, ya ce zaman nan ne zai kashe shi ba kasha ba. Zinariya ta ce ta sani, amma ba za ta buɗe ba sai hukuma ta faɗa da bakinta cewa Yayansu ba mahaukaci ba ne kuma ba wanda zai sake ɗora shi a mota. Sharu ya ce bai taɓa ganin hukuma da irin wannan bakin ba, ya shuri takalmansa ya tafi.

A cikin wannan hali Ustaza Amal ta shigo gidan. Malamar makaranta ce, Balarabiyar gari, wadda ta mai da tsakar gidanta aji na yara irin Munir, masu nakasar ƙwaƙwalwa, ta kuma haɗa iyayensu mata suka zama 'yar ƙungiya. Ta ce wa Zinariya majalisar dokokin jiha na duba wani daftari a kan masu nakasa. Makafi suna da ƙungiyarsu, kurame da guragu ma haka, kowa zai je ya faɗi nasa. Su Munir kuwa ba su iya zuwa su tsara magana, don haka in iyaye ba su je ba ba wanda zai tuna da su. Abin da suke nema shi ne a ambace su a cikin dokar daban da mahaukata, a hana kwashe su a kasha, a kuma ba iyayensu kujera a duk inda za a yi maganarsu. Kwamitin da ke kula da al'amuran jama'a ya yarda zai saurari uwa ɗaya, kuma ba wadda labarinta ya kai na Zinariya, ga ta da Larabci. Zinariya ba ta gane rabin bayanin ba, amma ta gane an sami inda hukuma ke da baki. Ta ce za ta.

Ranar zaman ta ɗaura tob ɗinta na zuwa biki, ta bar Munir da Iman. Ɗakin dogo ne, da fanka a sama da robobin ruwan sanyi jere a kan tebur. Da ta ɗaga ido ta ga rawuna da furfura sai ta ninka ladabinta. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ɗosana a gefen kujera, ta sa idonta a ƙasa.

Shugaban kwamitin, dattijo mai taushin murya, ya ce, "Tafaddali, ya Ummu Munir, muna saurarenki."

A wurin Larabawa ba girman da ya fi a kira mace da sunan ɗanta na fari. Amal ma haka take kiranta tun farko, Zinariya kuwa takan amsa da gyara mayafi, Amal ta ɗauka kawaici ne kawai. Amma wannan a tsakar gida ne tsakanin mata. Yau ga shi an buga sunan a gaban dattawa, ana kuma jira ta ce na'am. Ta juya ta kalli bango. Shugaban ya maimaita, Amal ta zungure ta daga baya, sannan ta gyara murya ta ce, "Akwai wani yaro a gidanmu."

Daga nan ta ba da labarin, kuma ta iya bayarwa. Ta faɗi gawayin, ta faɗi motar, ta faɗi sawun igiyar. Da ta gama magatakarda ya ɗaga alƙalami ya nemi cikakken sunan yaron. To, sunan shi ne Munir Maliki, na ɗan fari da na miji a jere. Ko da gangan aka shirya ba za a haɗa mata sunaye biyu da suka fi waɗannan ƙin fita daga bakinta ba. Sai Amal ce ta faɗa daga baya. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya sassauta murya ya tambaye ta, shin ɗanta ne ko riƙo take yi?

"A gidanmu yake dai," in ji Zinariya.

Sai wani tsoho a ƙarshen tebur ya nemi magana. Ba da izgili ya yi ta ba, da tausayi ya yi. Ya ce yau sun gani da idonsu inda ciwon yake, a cikin gida yake. In uwar da ta haifa ba ta so a san nata ne, har a nan inda aka zo nema masa haƙƙi, wane layi za a rubuta a doka ya gyara wannan? Shi a ganinsa wa'azi ake bukata a masallatai da rediyo, iyaye su daina ɓoye 'ya'yansu. Kawuna suka gyaɗa, aka ce za a ƙara duba maganar, aka tashi.

Zinariya ta fito tana ganin ta fita kunyar kowa. Ta ba da labari bai ɓata ba, ta yi ladabi irin wanda da uwarta na raye sai ta sa mata albarka. Sai ta ga matan ƙungiyar da ke jira a gindin dalbejiya ba mai kallonta. Wata da ke saɓe da yarinya a kafaɗa ta ce da ta sani da ita ta shiga, ko ba Larabci ai ta san 'yarta tata ce. Amal ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da kin gaya mini ba za ki iya ba, ya Hajja," ta tsai da raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta shige.

A gida Iman ce ta warware mata, da muryar nan tata da ake ji har maƙwabta. Ta ce mutanen nan ba su san wata kara ba, abin da suka gani shi ne mace ta ƙi ɗanta a bainar jama'a. Zinariya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta yi shekara talatin da ɗoriya tana wanke shi tana ci da shi, ita da ta tsaga ƙafarta nemansa, yau ita ce aka rubuta a majalisa tana gudunsa? Ta yi fushi da dattawan, ta yi fushi da Amal, ta yi fushi da Iman da ta iya faɗa. Ƙarƙashin fushin kuma akwai tsoro, don ta gane da bakinta ta rufe ƙofar da ta je buɗewa.

Ba su lura Munir na bayan ƙofa yana ji ba. Da Iman ta fita, Zinariya ta kawo masa kisra, wainar dawan nan mai faɗi, da miya ta ajiye. Bai taɓa ba. Ya daɗe yana kallonta sannan ya ce, "Inna, ni na wane ne?"

Ta ce masa ya ci abincinsa. Ta zagaya bayan bukka ta zauna a kan turmi ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kawo shi da askakken kai.

Zinariya ba mai daɗewa a kuka ba ce. Tana nan zaune ta yi wani tunani da bai taɓa zuwar mata ba. Ranar kasha sunansa aka tambaye shi ya kasa faɗa, kuma wadda ta fi kowa zama da shi ba za ta iya koya masa ba. Washegari ta sa aka kira Sharu, ta ba su aiki shi da Iman. Kullum da la'asar Sharu ya tsaya a tsakar gida ya haɗe gira ya yi muryar masu kame, ya ce, "Kai, ismak minu? Mene ne sunanka?" Munir ya fashe da dariya, Iman ta riƙe hannunsa har ta lafa, sannan ta faɗa masa ya maimaita. Zinariya na gefe da faifanta tana tsintar riɗi, fuskar nan kamar ba a gidan ake yi ba.

Sannan ta je gidan Amal ta yi mata bayani tun daga tushe. Amal haifaffiyar Gadarif ce, ta ci agashe iya rayuwarta, ta je bukukuwan Hausawa ba adadi, amma wannan ba ta taɓa ji ba. Ta riƙe baki, ta yi dariya, ta share ido, ta ce to amma damarsu ta wuce, kwamitin ya gama da iyaye. Wanda ya fitar da su shi ne Alnur, shugaban ƙungiyar makafi, wanda ke ɗakin ranar farko yana jiran nasa lokacin. Ya tashi katanga ɗaya da Hausawa, ya ce tun da ya ji matar ta ce wani yaro a gidanmu ya san ɗan fari ne, sai dai ba a ba shi baki ba har aka tashi. A zama na gaba makafi ne za su yi magana. Ya ce zai faɗi nasa a gajarce ya bar mata saura.

Wannan karon da Munir ta je. Ranar ce ya fara taka waje tun da aka sa sakata. Ta sa masa farar jallabiya, suka hau raksha, kafin su isa ya gaida rabin garin ta gefe. A ɗakin ta sake tuɓe takalmi, amma ba ta zauna ba. Da Alnur ya gama ya ce ya bar wa Hajja sauran lokacinsa, ta tsaya da Munir a gefenta, idonta a kan tebur.

"Ranar nan na yi muku ladabi irin namu, kuka ɗauke shi wani abu daban," in ji ta. "A wurinku da sunan ɗan fari ake girmama uwa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, girman da take ba shi ke nan. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, tarakta ma yake tuƙawa a Basunda. Ranar da uwar mijina ta dawo mini da wannan, cewa ta yi, ba sai kin wahal da kanki da yi masa kara ba, ai bai san ana yi ba, kira shi yadda kika ga dama. Ni kuwa na ce a raina, ran da na kira shi na yarda ke nan bai kai sauran 'ya'yan fari ba. Wallahi ya kai. Shi ya sa ban kira ba, yau ma ba zan kira ba, ma'alesh, ku yi haƙuri. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Magatakarda ya kalli shugaba, shugaba ya gyaɗa masa kai, ya juya ya tambayi Munir sunansa. Munir ya dubi rawunan, ya dubi fanka, sai dariyar ta zo. Ta cika ɗakin, ba daɗin ji, ta ƙi tsayawa. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya kai hannu ga robar ruwa. Amal ta yunƙura za ta tashi, Alnur ya ɗan buga sandarsa a ƙasa ya ce a bar shi. Zinariya na tsaye, ba ta dube shi ba. A hankali dariyar ta yi ƙasa, ya ja numfashi.

"Munir Maliki," in ji shi. "Wurin Sharu mai agashe."

Da ya ga ba abin da ya same shi sai ya ɗora da gaisuwa. Ya tambayi shugaban lafiyarsa da ta iyali, shugaban ya amsa. Ya juya ga na kusa da shi, shi ma ya amsa. Da ba a ce masa ya isa ba da sai ya zagaye teburin. Zinariya ta ce musu dariyar da suka ji ita ce ta kai shi bayan gari, kuma sun gani da kansu ba komai take bukata ba sai a jira ta wuce. Abin da take roƙo a rubuta ke nan, irinsu ba mahaukata ba ne, kuma a jira su.

Tsohon nan na ƙarshen tebur shi ya fara cewa a sa maganar a daftari, sauran suka bi. Shugaban ya ce an karɓa, ya yi mata godiya, wannan karon da Hajja Zinariya ya kira ta. Ita kuwa ba godiya ta zo karɓa ba. Ta tambaye shi kai tsaye ko gobe ta buɗe wa Yayansu ƙofa. Dattijon ya faɗa mata gaskiya. Ya ce daftari ba doka ba ne, sai ya je gaban majalisa duka, sai an sa hannu, sai labari ya sauka har kan masu kame, kuma tafiyar na da nisa. Ba zai ce mata buɗe ba, don in wani abu ya faru ba shi zai yi yawon nema ba.

Ko maganar ta zama doka ko tana kwance a wani kabad, Zinariya ba ta sani ba har yau, ni ma ban sani ba. Ba a daɗe ba ƙasar ta shiga rikicin da ta shiga, majalisar kanta aka rushe ta. Amma wannan daga baya ne. A lokacin abin da ke gabanta ƙofa ce, da mutum zaune a bayanta cikin farar jallabiyar da ya ƙi yarda a cire masa. Hukuma ta yi magana, sai dai rabin abin da ta nema ta faɗa. Ta yi kwanaki tana juya abin, tana kallonsa yana kallon sakata. Wata safiya ta zo wucewa da tukunya a hannu, ta zare sakatar da ɗaya hannun, ta shige madafa.

Ya fita. Ta ja mayafi ta bi shi daga nesa, tana laɓewa a bayan amalanke da rumfunan masu shayi, har ta ga ya shige wurin Sharu. Haka ta riƙa yi kowace safiya, ba abin da ya faru. Naman jikinsa ya fara dawowa, ita ma ta koma rumfarta a layin masu riɗi, amma rakiyar ɓoyen nan ba ta daina ba.

Ran nan suna karyo kwanar kasuwa sai ga motar kasha a tsaye, da mutane zazzaune a bayanta. Munir na gaba da nisa, yana tafiyarsa yana ɗaga wa mutane hannu. Zinariya ta buɗe baki. Ta san a cikin hayaniyar nan Yayansu ba zai juyo da shi ba, suna ɗaya ne zai kai can, ta kuma ji shi ya hau kan harshenta. Kafin ta yanke shawara ya riga ya isa, ɗaya daga cikin masu kamen ya miƙa hannu ya tare shi.

Ba ta jin abin da suke faɗa, amma ta ga kafaɗunsa sun fara rawa, ta san dariyar ce. Mutumin ya haɗe fuska ya dafa shi. Abokin aikinsa ya ce masa wani abu, suka tsaya su biyu suna kallonsa. Zinariya ba ta taɓa sanin dariya na da tsawo haka ba. Can sai kafaɗun suka tsaya, ta ga bakinsa na motsi, ya nuna wajen rumfar Sharu da hannu. Mutumin ya cire hannunsa ya yi masa alama ya wuce. Munir bai wuce ba sai da ya gaishe su duka biyun, ya leƙa ya gaida direba.

Ko umarni ne ya sauko daga sama, ko mutumin ne mai haƙuri, ko farar rigar ce ta yi aiki, ba ta da hanyar sani. Ta dai zauna a kan kujerar wata mai shayi da ke gefen hanya. Matar ta ga duk abin da ya faru. Ta zuba mata ruwa a kofi ta miƙa mata, ta bi Munir da kallo yana shiga cikin kasuwa, sannan ta tambaye ta, "Ɗanki ne, ya Hajja?"

Zinariya ta shanye ruwan, ta ajiye kofin, ta gyara mayafinta.

"Na fari ne," in ji ta.